Lafiyar Mota, Lafiyar Al'umma: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tofa albarkacin bakinmu a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka na gareji ne kawai, alhali ya shafi aljihun kowa da huhun kowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda arzikin wannan yanki yake tafiya a kan taya: tireloli masu lodin shanu da raƙuma zuwa kudu, a-kori-kura masu jigilar riɗi da gero, ƙananan motocin fasinja, ga babura ba iyaka. Idan inji ɗaya ya buga, gida guda ne ya rasa cefane, wani lokaci har da bashin da ba a gama biya ba. Don haka za mu yi magana a kan abubuwa uku: man da muke zuba wa mota, kulawar da muke yi mata, da hayaƙin da take mayar mana.

Mu fara da mai. Kasancewarmu a bakin iyaka ya sa mun ɗanɗana wahalar da wasu ba su sani ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba na wannan shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamba 2020 aka sake buɗe iyakar Maigatari tare da ta Illela da Seme da Mfum. A irin wannan hali mai mota ba shi da zaɓi illa ya nufi 'yan bumburutu. Ba muna zargin kowa ba ne, domin yawancinsu 'ya'yanmu ne masu neman halali, amma man da ya bi ta jarka da galan da mazurari a fili yakan kwashi ƙura da ruwa, wani lokaci kuma marar tsoron Allah ya gauraya shi da wani abu. Ƙurar nan ita ke toshe matacin mai da nozul, ta kuma kashe famfon da ke cikin tanki.

Kada a ɗauka gurɓataccen mai sai a bakin titi. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi da kansu suka tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo a faɗin ƙasa. Kafin wannan, a 2016, wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda ake sayar wa Afirka ta Yamma man da ba za a yarda da shi a Turai ba saboda yawan farar wuta. A lokacin dokarmu ta amince da kashi 3,000 cikin miliyan a man gas, alhali Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Darasin da ke nan shi ne, ingancin mai haƙƙi ne da ake nema, kuma akwai hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, da za a iya kai wa ƙara.

Abu na biyu shi ne kulawa, kuma a nan laifin namu ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin da direba yake ware wa gyara ya koma tanki. Sai a jinkirta juye, a sayi baƙin mai na awo wanda ba a san asalinsa ba, a kaɗe matacin iska a jikin taya a mayar. To, araha ba ta ado. Ƙasarmu ta yashi ce, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Matacin da ya yage yana barin yashi ya shiga inji ya riƙa cin ringi kamar fartanya, wanda ya toshe kuma yana shaƙe inji ya sa shi shan mai. A irin yanayinmu bai kamata baƙin mai na gama-gari ya wuce kimanin kilomita 5,000 ba a juye shi tare da matacinsa ba. Ruwan rijiya a lagireto yana haifar da tsatsa da toshewa. Ruwan da aka yi dominsa ya fi. Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta: lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wanda ya ga 2319 ya san an yi ta a mako na 23 na 2019. Mu duba kafin mu ɗora rayukan mutane a kanta.

Abu na uku shi ne wanda aka fi jahilta. A cikin salansar kusan kowace motar fetur 'yar Kwatano akwai wata tukunya mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda kanikawa suke kira indomi. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975, Turai kuma ta wajabta ta a sababbin motoci daga 1993. An shafe ramukanta da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, aikinsu kuwa shi ne su sauya mafi yawan gubar hayaƙi ta zama iskar da ba ta kai ta illa ba. Daga cikin gubar akwai wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyali idan sun kwana da janareta a ɗaki. Domin kare wannan tukunya, da kuma ƙwaƙwalwar yara, aka daina zuba dalma a fetur: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun kammala a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani.

Abin takaici, darajar ƙarafan nan ta sa ake fasa tukunyar a sayar, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba. Akan ce masa ai ita ke riƙe motar. Gaskiyar magana ita ce, indomi ba ta toshewa haka kawai. Fulogin da ba ya ƙona mai da kyau yana tura ɗanyen fetur ya narkar da ita, injin da ke shan baƙin mai yana liƙe ramukanta, man da farar wuta ta yi wa yawa yana rage mata ƙarfi. Ashe ke nan ita shaida ce a kan sakacinmu, cire ta kuwa kashe shaida ne, ba maganin cuta ba. Hayaƙin da ya fita ba tacewa kuma ba Turai zai je ba. Mai tallar fura a tasha, da ɗan dako, da yaron mota, su ne za su shaƙe shi daga safe har yamma.

Saboda haka muna gabatar wa ƙungiya shawarwari huɗu. Na farko, a haɗa kai da shugabannin tasha a sa kowace motar haya ta riƙe ɗan littafi da ake rubuta ranar juye da adadin kilomita. Na biyu, a ware wani abu daga asusun ilimi domin tura matasan kanikawa, akalla biyu daga kowace ƙaramar hukuma, su koyi binciken mota da kwamfuta, domin motar yau ba a gane ciwonta da kunne kaɗai. Na uku, a kafa ɗan kwamiti da zai tattara koke a kan gurɓataccen mai ko tauye mudu ya miƙa wa hukuma a rubuce, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, duk mai sayen mota ya sa amintaccen bakanike ya leƙa salansa kafin ya biya, mai kai gyara kuma ya tsaya a kan motarsa.

Iyayenmu sun ce rigakafi ya fi magani. Kakanninmu da suka yi fatauci da jakuna da raƙuma ta wannan hanya ba su taɓa ɗora kaya ba sai sun duba ƙafar dabba da bayanta. Muna fata kwamitin zartarwa zai duba waɗannan shawarwari, ya kawo mana rahoton abin da aka aiwatar a taron baɗi.