Laccar Magatakarda: Tsofaffin Sojan Amurka da Takardar Likita

Yau labarinmu daga Amurka yake.

Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi ta feshin guba a dazuzzukan Biyetnam, wai don ganye ya kaɗe, abokan gaba su rasa maɓoya. Wadda ta fi suna ita ce Agent Orange. Sojansu ma ba ta bar su ba. Da suka koma gida wasu suka kamu da ciwon jijiya: tafin ƙafa kamar an taka garwashi, yatsu su mutu, mutum ya taka ƙusa bai sani ba.

Sai 1996 hukuma ta yarda ta ɗora wa gubar alhakin wannan ciwo, amma da sharaɗi: sai in ya bayyana cikin shekara guda bayan gubar ta taɓa mutum. A 2013 aka sassauta dokar, sharaɗin kuwa aka bar shi daram. To jama'a, saurayin da ya tsira da ransa da ƙyar, wa ya ce masa ya je likita ya rubuta masa ƙafa na zugi? Mu da muke rubuta wa mutane takardun koke mun san irin wannan wayo.

Wanda aka hana diyya yana da shekara guda ya ɗaukaka ƙara. In hukumar ƙararraki ta kore shi, saura kwana 120 ya kai kotun tsofaffin soja da aka kafa a 1988. Akwai kuma wata ƙofa: tun 2001 an sa ciwon sukari cikin laifin gubar. In likita ya shaida sukarin ne ya kashe jijiyar, sharaɗin shekara guda bai hau kan mutum ba.