Daga Kwatar Nima Zuwa Teku

Ledar da aka jefa a kwatar Nima, a birnin Accra, ba nan take tsayawa ba. Ruwan sama yana sauka zai kwashe ta, haɗe da baƙin man makanikai da ƙazanta, ya zuba a kogin Odaw, ya bi tafkin Korle, sai teku. Masuntan unguwar Jamestown ne ke jawo ta a komarsu.

Ranar 3 ga Yuni, 2015, magudanai suka cika, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a unguwar Circle, mutum fiye da 150 suka rasu.

Ya kamata hukuma ta yashe Odaw tun kafin damina. Mu kuma, don Allah, mu daina jiran hadari ya haɗo mu juye shara a kwata.