Littafi ma yana da dillali

Yau maganata da kai ce, wanda ka rubuta wa yara labarin fataken goro na hanyar Gwanja, ko na ranar da aka tashi tsohon Zangon Lome a 1977, amma ka rasa mai bugawa.

Ka dai san kara: dillali ke haɗa mai saniya da mai saye, la'adarsa sai ciniki ya faɗa. To, a Ingila da Amurka littafi ma haka ne. Dillali ke kai shi kamfani, yawanci ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari, shi ma sai an saya. Don haka duk wanda ya ce ka fara turo kuɗi, rabu da shi, ba dillali ba ne.

Mu a nan, ƙafarka ce dillalinka. A Lome akwai kamfanin Graines de Pensées mai buga littattafan yara, galibi da Faransanci. Na Hausa kuwa, sai ka nufi Kano ko Zariya.

Ka riƙe kwafinka, kuma kada ka sa hannu sai ka fahimci yarjejeniyar. Allah ya kawo kasuwa.