Ingilishin wa muke yi wa dariya?



Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. To, Ingilishi ya shigo gida ke nan. Amma Ingilishin wa?

Ku duba abin da ke faruwa a aji. Mushe ya kunna muryar Bature, kowa ya yi tsit, ko da rabin maganar ya wuce shi. Yaron da ya zauna Sakkwato ya miƙe ya ce "pipti" a maimakon "fifti", sai aji ya fashe da dariya. Wanda ya ce "ze buk" da lafazin Faransanci kuwa, ba a cika taɓa shi ba, don nasa kuskuren yana ƙamshin lakwal. Alhali duka biyun an gane abin da suke nufi. Wanda aka yi wa dariya, gobe ba zai ƙara buɗe baki ba, kuma harshe ba ya zama a bakin da ke rufe.

A 1992 wani malami a Amurka, Donald Rubin, ya sa ɗalibai sauraren karatu da muryar Ba'amurkiya guda. Wasu ya nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton ƴar Asiya. Waɗanda suka ga ƴar Asiya suka ce sun ji baƙon lafazi, har fahimtarsu ta ragu. Murya ɗaya fa! Ido ne ya yanke hukunci kafin kunne.

Mu Adarawa bai kamata a koya mana zafin wannan ba. Wa bai san yadda ake kwaikwayon "tahi" da "hwara" tamu a Kano ba?

Sannan ku tambayi masu kai albasar Galmi Kumasi ko Akara: da wa suke ciniki? Ba da mutumin Landan ba. Ɗan Gana ne, ɗan Najeriya ne, kowa da nasa lafazin, kuma kuɗi na shiga aljihu.

Don haka malamanmu, don Allah, in za ku kunna wa yara murya, ku haɗa da ta ɗan Gana, ta ɗan Legas, ta ɗan Indiya. Ku gyara furucin da ke ɓata ma'ana, sauran ku bar yaro ya gama jimlarsa tukuna.