A SHIGAR DA BUTAR SHAYI CIKIN AJI

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Shugaban taro, mai girma Hakimi, shugaban makaranta da malamanmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke zaune can baya.

An nemi in yi magana a kan abin da ƙungiya za ta yi wa makaranta bana. Wasu sun ce fenti, wasu sun ce kujeru. Ni shawarata ita ce mu sayi buta da kurfoti da kofuna, a koya wa yaran nan haɗa shayi. Na ga wasu sun fara murmushi, to a yi mini haƙuri in gama.

Kowa a nan ya san yadda ƙasarmu take. Daga Dawanau har Bichi, ko daga Ungogo har Dambatta, da wuya ka ga fili ba shuka. Gona na jikin gona, gida na kallon gida. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manomanmu ke riƙe ƙasa da taki ba tare da sun bar ta ta huta ba. Abin alfahari ne. Amma gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba ta gado sau biyu ko uku. Yaron da ya gama aji shida, in bai sami gurbin karatu na gaba ba, gayaunar da zai tarar ba za ta riƙe shi ba. Sai cin rani: Kano, Abuja, Legas. To me muka ba shi ya tafi da shi?

Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, manufar ita ce yaro ya fita ƙaramar sakandare da abin yi a hannunsa. Aka sa darasin tattalin gida da na kasuwanci da na aikin gona. A makarantun ƙauye da yawa, a kan allo darasin ya tsaya, don kayan aikin sun fi ƙarfinmu. Shayi kuwa bai fi ƙarfin kowa ba.

Ku dubi abin da ke cikin kofi ɗaya. Da farko ruwa. Sai ya tafasa sosai, ya yi kamar minti ɗaya yana ɓararraka, kafin a ce ƙwayoyin cuta sun mutu. Ba mu manta annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Yaron da ya san dalilin tafasa ruwa, ya kuma san ba a ɗauraye kofi hamsin a bokiti ɗaya, ya koyi kiwon lafiyar da zai kai wa uwarsa gida. A gaya masa kuma ganye minti uku zuwa biyar ya ishe shi, in ya daɗe sai ɗaci. 'Yan mata su ji cewa shayi a kan abinci yana rage ƙarfen da jiki ke samu daga wake da zogale, don haka mai ciki ta ba da tazara. Malamin labarin ƙasa ma yana da rabonsa: ya nuna musu tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake noman ganyen, ya faɗa musu abin da ya sa ba ya yi a Kunchi.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne lissafi. Gwangwanin madara cokali nawa ne? Kofi nawa zai yi in haɗin kauri ne, nawa in ruwan bunu ne da ɗan ɗigo? Nawa aka kashe a gawayi da sukari da citta da kanumfari? A ba yaro littafi ya rubuta, ya ware uwar kuɗi daga riba. Ku tambayi duk mai shayin da ke tashar mota ko kasuwar Dambatta ranar Lahadi, zai gaya muku ba rashin ciniki ke karya tebur ba. Bashin abokai ne, da cin jari ba a sani ba. An ce bashi hanji ne, amma wanda bai rubuta nasa ba, shi ne ke tashi da buta ba ganye.

Na san wani uba zai ce bai kai ɗansa boko don ya zama mai shayi ba. Gaskiyarsa. Mu ma likita muke fata. Sai dai wanda zai zama likitan, sau da yawa da irin wannan teburin yake biyan kuɗin jarrabawa.

Don haka ina roƙon shugaba ya sa wannan a cikin abin da za a tattauna yau: buta biyu, kurfoti biyu, kofuna, rariya, da littafin lissafi ga kowane rukuni. A gayyato mai shayi ɗaya daga cikin gari ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako, a biya shi ladansa kamar kowane malami. Buta ɗaya da kofuna ashirin na ɗauka, ma'aji ya rubuta.