KAFIN MU AZA HARSASHI: MAGANA A KAN GIDA, JINGINA DA TAKARDA



Sa'ad da aka ba mu damar tsayawa gabanku yau, wasu abokanmu sun yi mana dariya, suka ce ina ruwan ɗalibi da zancen mallakar gida, alhali ko kuɗin gadon kwana a makaranta da ƙyar yake haɗawa? Gaskiyarsu. Amma kuma nan da shekara biyu ko uku yawancinmu za mu kama aiki, kuma cikin wannan zaure akwai yayyenmu da suka riga suka fara karɓar albashi. Daga ranar da albashin farko ya shigo, tambayar da dangi za su fara yi ita ce ta aure, mai bi mata kuwa ita ce ta muhalli. A da can gwamnati kan ba babban ma'aikacinta gida ya zauna har ya yi ritaya. Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mai da irin waɗannan alfarmomi kuɗi a cikin albashi, ta kuma shiga sayar da gidajenta, wannan ƙofa ta rufe ga akasarin ma'aikatan tarayya. Saura dai kowa ya nemi na kansa.

Abin da muke so mu tsaya a kai shi ne wannan: a ƙasarmu gida takarda ce tun kafin ya zama bulo da siminti. Wanda ya raina takarda, ko wajen saye, ko wajen cin bashi, ko cikin tafiyar da gidan bayan ya tare, to, yana iya wayar gari ya tarar ginin yana tsaye amma ba nasa ba ne.

Bari mu fara da ƙasar da za a yi ginin a kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Watau abin da muke saye idan muka ce mun sayi fili a birni, haƙƙin zama ne a kansa, galibi na shekara 99, kuma shaidar wannan haƙƙi ita ce takardar da ma'aikatan ofishin ƙasa ke kira C of O. Dokar ta ƙara da cewa wanda ke riƙe da wannan haƙƙi ba shi da ikon sayar da shi ko jinginar da shi sai da yardar gwamna. Kada mu ɗauka wannan magana ce ta fatar baki. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta ce jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba ba ta da inganci. Tun daga nan babu bankin da ke wasa da ita.

To, mu dubi yadda muke ciniki a unguwanninmu. Dillali ya kai mutum bayan gari, ya nuna masa fili daga wancan tushen dabino zuwa waccan tururuwa, a kira mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta 'yar takarda a yi addu'a, a watse. Ba mu ce wannan takarda banza ce ba, tana da amfaninta, amma ba za ta karɓo maka ko kwabo a banki ba, kuma ba za ta gaya maka ko an taɓa sayar wa wani filin ba. Mun san wani malaminmu na firamare wanda ya tara kuɗin shekara takwas ya sayi fili ta wannan hanya. Ya kai gini har linta, sai ga wani bawan Allah da takardar gwamnati a hannu, wadda ta girmi tasa da shekaru. Dillalin ya yi ɓatan dabo. Malam ya kwashe abin da zai kwasu na bulo, ya koma haya da furfurarsa. Da ya kashe 'yan kuɗi kaɗan ya je ofishin ƙasa, irin su KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya nemi a bincika masa matsayin filin kafin ya biya, da bai shiga wannan hali ba. A can ne za a gane ko filin na da mai shi, ko an jinginar da shi, ko yana kan hanyar da gwamnati ta shata. Wannan na ƙarshe ma abin lura ne, domin idan gwamna ya karɓi fili saboda amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai.

Sa'an nan mu zo ga bashin kansa. Jingina ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu sun san jinginar gona: mutum ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi, ya bar gonarsa hannun mai kuɗin har ranar da ya fanshe ta. Bambancin jinginar banki shi ne kai ne za ka ci gaba da zama cikin gidan, banki kuwa ya riƙe takardunsa, kana biya wata-wata, in ka kasa ya sayar ya ɗauki kuɗinsa. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977 a kan tushen wata ƙungiyar lamunin gini da ta fara aiki tun 1956, shi ne ke kula da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Duk ma'aikacin gwamnatin da ya duba takardar albashinsa ya ga an rubuta NHF, to, kashi biyu da rabi cikin 100 ne ake cire masa zuwa wannan asusu. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni, ta hannun ɗaya daga cikin ƙananan bankunan jingina masu lasisi, a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30 gwargwadon abin da ya rage wa mutum na shekarun aiki. Wanda bai taɓa ci ba kuwa yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa idan ya yi ritaya. Abin takaici, da yawa daga cikin ma'aikata ba su san lambar rajistarsu ba, ba su kuma taɓa tambaya ko abin da ake cire musu yana isa asusun ba. Wannan ma takarda ce, kuma tun watan farko ya kamata a bi sawunta.

Yanzu ku ba mu aron hankalinku mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne ake yaudarar kai. A ce mutum ya karɓi naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin 100, zai biya cikin shekara 30. Kowane wata zai ba da kusan naira 60,000. A watan farko, naira 50,000 daga ciki ruwa ne zalla, abin da ya rage uwar bashin bai cika 10,000 ba. Bayan shekara goma cur, ya riga ya zuba sama da miliyan 7, amma in ya tambayi saura nawa, za a ce masa miliyan 8 da dubu ɗari uku da 'yan kai. Ranar da ya kammala, jimillar abin da ya biya ta haura miliyan 21 da rabi. In kuwa ya zaɓi shekara 15, biyan wata zai tashi zuwa wajen naira 84,400, amma jimillar ba za ta wuce miliyan 15 da dubu ɗari biyu ba. Wannan fa lamunin mai sauƙi ke nan. Idan bankin kasuwanci ne ya ba da kuɗin a kan kashi 25 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27 da rabi a ƙarshen 2024, to, biyan wata na shekara 15 zai haura naira 213,000. Ma'aikaci mai fara aiki ba shi da abin yi a wannan layi.

Akwai kuma ƙa'idar da masu ba da lamuni ke bi, cewa biyan wata kada ya wuce sulusin albashi. Ke nan mai son biyan 60,000 sai albashinsa ya kai 180,000. Ku auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ku ga inda matsalar take. Adalci ne dai mu faɗi ɗaya gefen: idan ruwan bashi a tsaye yake, hauhawar farashi na taimakon mai bashi, domin 60,000 ta yau ba ita ce 60,000 ta shekara goma masu zuwa ba, albashi kuwa yakan ɗan motsa. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa ma'aikacin banki ita ce, ruwan nan a tsaye yake ko yana tashi da kasuwa? Kuma a ga amsar a rubuce. A tambayi kuɗin lauya, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na neman yardar gwamna, da na inshora, da kason da za a nemi mutum ya fara ajiyewa daga aljihunsa. Game da wannan kaso, tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda wanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo ya ciri har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa domin biyansa, in ya cika sharuɗɗa. Sai dai a tuna abincin tsufa ne ake gutsura.

Mun san da yawa cikinmu tun ɗazu zuciyarsu na kan kalma guda, watau riba. Mu ba malamai ba ne, kuma hukuncin riba a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Abin da za mu iya ƙarawa shi ne tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, wasu kuma suka biyo baya, an sami hanyoyin da ba na ruwa ba. Akwai wadda banki zai sayi gidan ya sayar maka da ribar ciniki sananniya, ka biya kashi-kashi. Akwai wadda za ku yi tarayya cikin mallakar gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayensa sannu a hankali har ya zama naka duka. Kada dai a shiga da zaton kyauta ce. Sau da yawa kuɗin ba ya kasa na sauran bankuna, kuma su ma ba za su saurare ka ba sai da takardar fili ingantacciya.

Gaskiyar magana, akasarinmu ba ta banki za mu yi gida ba. Yadda iyayenmu suka yi haka za mu yi: adashe, da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, da ɗan abin da gona ta kawo. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya yi wa kansa ƙiyamullaili, kada ya shata gidan ɗaki takwas ya bar shi kango shekara goma ruwa na dukansa. Ya gama ɗaki biyu da banɗaki da kicin, ya rufa, ya tare, kuɗin hayar da ya huta biya su ci gaba da ginin. Kuma kada ya tara siminti da sunan ajiya, domin danshi na daskarar da shi cikin 'yan watanni. Gara a buga bulo da shi, ko a sayi kwano da rodi.

To, an tare. A nan ne muke ganin an fi sakaci, kuma a nan ne za mu ɗan taɓa iyayenmu maza, su yi mana afuwa. Maigida yakan ɗauki sha'anin gida sirrinsa ne shi kaɗai. Uwargida ba ta san ko akwai bashi a kan rufin da take kwana ƙarƙashinsa ba, ba ta san inda takardu suke ba. Ranar da ta Allah ta kasance, sai a fasa akwati a tarar gara ta cinye rabin takardun, ko kuma wasiƙar banki ta iso ana cikin zaman makoki. Abin da ya dace shi ne kundi guda, cikin akwatin ƙarfe, nesa da danshi: takardar ciniki, da taswirar safiyo, da takardar izinin gini, da yarjejeniyar lamuni, da rasidin kowane biya, har da na harajin fili na shekara-shekara, wanda rashin biyansa kan jawo matsala ranar da aka zo sayarwa. A ɗauki hoton kowace a ajiye wani wuri dabam. Mutum biyu aƙalla su san inda kundin yake. A kuma tambayi banki ko lamunin na da inshorar rai, ko takaful ga mai son ta Musulunci, wadda za ta biya ragowar bashin in mai gida ya rasu, domin in babu ita, sai an fid da bashi kafin magada su ga komai.

'Yan'uwanmu mata, wannan ta ku ce musamman. Yawancinku za ku yi aiki ku karɓi albashi, kuma za ku sa kuɗinku cikin ginin gidan aure, ko ku sayar da sarƙa a sayi kwano. In rance ne, a rubuta rance ne. In tarayya ce, a rubuta kason kowa, da shaidu, ko a sa sunaye biyu a takardar filin. In ba haka ba, ranar rabon gado gidan duka zai shiga cikin dukiyar mamaci, matar da ta gina rabinsa ta tashi da tumuni, ko ma ta raba tumunin da abokiyar zama. Alƙali da hujja yake aiki, kuma Alƙur'ani kansa ya yi umarni a rubuta bashi.

Saura lissafin yau da kullum, wanda shi ke sa a iya biyan bashin ko a kasa. Ranar da albashi ya shigo a fara ware na gida kafin a taɓa komai, sa'an nan cefane. Mai hali ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha, ya huta da tsadar bazara da damina. A ware wani abu domin 'yan'uwa, tunda ba za mu iya rufe ƙofa ga ƙanen da ya zo neman kuɗin makaranta ba, amma a san iyakarsa tun farkon wata. A kuma riƙa jefa ɗan wani abu a asusun gyara, domin kafin ruwan farko ya sauka lalle ne a hau a duba kwano da indararo, a yashe magudana, a toshe tsagar bango. Littafi ɗan ƙarami na makaranta ya isa a rubuta duk wannan, maigida da uwargida su zauna kansa sau ɗaya a wata.

Shugaba ya ɗaga mana hannu alamar lokaci ya cika. Lissafin da muka karanta ɗazu mun rubuta shi a allo a bayan zaure, mai so ya kwafa ya gwada da albashin matakin da yake sa ran kamawa.