Awon Hali da Salon Shugabanci



An nemi mu yi bayani a kan wani abu da yawancinku kuka riga kuka ci karo da shi a bankuna da kamfanonin da kuke aiki, wato jerin tambayoyin nan da ake ba ma'aikaci ya amsa kafin a ɗauke shi ko a ƙara masa girma, don a gane irin halinsa. Maganar ta shafi ƙungiyarmu kai tsaye, domin mu ma zaɓen shugabanni muke yi, kuma kuɗin jama'a muke damƙa musu.

Rarraba mutane bisa ɗabi'a tsohon abu ne. Likitocin Yunan sun yi maganar ɗabi'u huɗu, Ibn Sina ya faɗaɗa ta a littafinsa na Ƙanun. Amma awo da takarda ya fara ne lokacin yaƙin duniya na farko, sa'ad da Robert Woodworth ya tsara wa sojan Amurka tambayoyi don tace waɗanda ƙarar igwa za ta iya gigitawa. A 1921 Carl Jung ya fitar da littafinsa kan nau'o'in hali, daga nan Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina awon da ke ɗauke da sunansu, mai kasa mutane gida 16. Shi ya fi shahara a ofisoshi, amma masana ba su cika amincewa da shi ba, domin an sha samun mutanen da suka sake amsa shi bayan 'yan makonni suka faɗa wani gida daban. Ma'aunin da zai ba ka tiya yau, gobe ya ba ka mudu, ba a sayen hatsi da shi.

Wanda ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne awon ginshiƙai biyar: son sabon abu, kula da tsare aiki, sakin jiki cikin jama'a, sauƙin mu'amala, da saurin shiga damuwa. A 1991 Barrick da Mount suka tattara bincike mai yawa, suka ga cewa ginshiƙin kula da tsare aiki shi ne yake tafiya da nagartar ma'aikaci a kowace irin sana'a da suka duba. A 2002 kuma Timothy Judge da abokan aikinsa suka nuna cewa sakin jiki da kaifin baki suna taimaka wa mutum a ɗauke shi shugaba fiye da yadda suke taimaka masa ya iya shugabancin. Duk wanda ya taɓa halartar zaɓen ƙungiya ya san wannan ko bai karanta ba.

To, shin awon yana bayyana salon shugabancin mutum? Yana nuna inda zuciyarsa ta karkata, iyakarsa ke nan. A nan muke so mu daɗe kaɗan, kan wani gwaji da aka koya mana a kwalejin horon malamai. A 1939 Kurt Lewin da Lippitt da White suka buga sakamakon aikinsu a Iowa ta Amurka. Sun kasa yara maza 'yan kimanin shekara 10 ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu bayan tashi daga makaranta, kowace ƙungiya da babba guda. Wani babban yana ba da umarni kawai, wani yana shawara da yaran, wani kuma ya sakar musu ragama. Ƙungiyar mai umarni ta yi aiki da yawa muddin yana tsaye a kansu, da zarar ya fita ɗaki sai aiki ya lafa. Ta mai shawara ta ci gaba da aikinta ko yana nan ko ba ya nan. Ta mai sakin ragama ita ce ta zo ƙarshe. Abin lura, manyan nan an riƙa juya su, wanda ya yi umarni a nan ya je ya yi shawara a can, kuma yaran salon suka bi, ba mutumin ba. Mun saba cewa hali zanen dutse ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma yadda mutum yake tafiyar da na ƙasa da shi abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon riƙe alli.

Mu da muka riƙe makarantu mun ga haka. Akwai hedimasta mai zafi wanda makarantarsa take tsit har ranar da ya tafi hedikwata karɓo albashi. Akwai shiru-shiru wanda ko an kwantar da shi asibiti, ƙararrawa ba ta makara.

Sai kuma wata matsala da ta fi shafar 'ya'yanmu. Waɗannan tambayoyi abin da mutum ya faɗa game da kansa suke aunawa, kuma an tsara su ne a inda ake koya wa yaro ya tallata kansa. Mu an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa kunya da haƙuri tare da gaskiya da amana. Yaron da aka tambaya ko yana son ya ja gaba a taro, ya amsa da kawaici, takarda za ta rubuta shi a matsayin marar ƙwazo. Saboda haka, ƙannenmu, idan aka ba ku irin wannan awo ku amsa da abin da kuke aikatawa a zahiri, kada kunya ta sa ku rage wa kanku. Ku kuma da Allah ya ɗaukaka kuke ɗaukar ma'aikata, kada ku rufe fayil ɗin mutum saboda sakamakon awo kaɗai.

Game da ƙungiyarmu, shawararmu ga kwamitin zaɓe ita ce ya bar tambayar wanda ya fi iya jawabi. Ga mai neman ma'aji, a duba ko ya taɓa riƙe kuɗin wasu, ya kuma kawo lissafi ba tare da an bi shi ba. Ga mai neman shugaba, a tambayi waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa abin da ke faruwa idan ya yi tafiyar wata guda. Idan kuma shugaban da aka zaɓa mai zafi ne, a nemo masa mataimaki mai sanyin rai da sakatare mai riƙe takardu, a rubuta aikin kowannensu a kundin tsarin ƙungiya kafin a rantsar da su.